'Yata ta tambaye ni Yaƙin Raƙumi, na ce mata ƙarya ne

Maman Humaira:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma a yi min uzuri idan na tsawaita. 'Yata A'isha, shekararta 11, ta dawo daga makarantar boko ranar Talata idonta jawur. Wai da aka fita tara wata 'yar ajinsu ta ce mata takwararta, Nana A'isha, ta hau raƙumi ta ja runduna ta yaƙi Sayyidina Ali, har aka kashe mutane da yawa. Ni kuwa ban tsaya tunani ba na ce mata ƙarya ne, sharrin maƙiya ne. Ta share hawaye ta ci abinci. Da dare na ba babanta labari, sai ya yi shiru can ya ce, "Ai an yi yaƙin." Wallahi jikina ya yi sanyi. Na yi Islamiyya tun ina ƙarama har aka yi min aure, na sauke Alƙur'ani, amma ban taɓa jin wannan a aji ba. Washegari yarinyar ta tambayi malaminsu na Islamiyya, ya ce ba a irin wannan tambayar, ta zauna. Yanzu idan na yi shiru, na bar ta da maganar da ba gaskiya ba, kuma daga bakina ta fito. Idan na faɗa mata, ina tsoron in ɓata mata son da take yi wa Uwar Muminai, wadda don ita muka raɗa mata sunan. Ya zan yi?

Baban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Hajiya, malamin nan bai yi laifi ba. Abin da muka karanta a Risala ke nan a gaban malamanmu: kada a ambaci wani daga cikin sahabbai sai da mafi kyawun ambato, "wal imsaku amma shajara bainahum", wato a kame daga abin da ya gudana tsakaninsu. An ruwaito cewa da aka tambayi Umar ɗan Abdul'aziz ya ce jini ne da Allah ya tsarkake hannunsa daga gare shi, ba zai tsoma harshensa a ciki ba. Wannan halifa ke nan, balle yarinya 'yar shekara 11 da ko hukuncin wankan haila ba ta gama sani ba. A kabari ba za a tambaye ta Jamal, wato Yaƙin Raƙumi, ko yaƙin Siffin ba. Ki ce mata sahabbai duka mutanen kirki ne, ki rufe maganar.

Malama Ummu Aiman:
Baban Sadiƙ, Allah ya saka da alheri, amma a nan na saɓa maka. Shekara 14 ina koyar da yara da matan aure, kuma wannan tambayar takan zo min kusan duk shekara, musamman idan Muharram ya kama. Ka tuna wa aka rubuta wa Risalar da ka kawo. A gabatarwarta Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara cewa an roƙe shi ya rubuta ta ne don a koya wa yara kamar yadda ake koya musu haruffan Alƙur'ani. To shi da kansa ya sanya wa yara jumlar "abin da ya gudana tsakaninsu". Ashe bai ɓoye musu cewa wani abu ya gudana ba. Ta yaya yaro zai kame daga abin da aka ce masa bai faru ba? Kamewar da malamai ke nufi ita ce kada ka zagi, kada ka naɗa kanka alƙali a kansu, kada ka mayar da shi hira ta bakin titi. Ba ita ce musun tarihi ba. Da haka ne, da Ɗabari da Ibn Kasir ba su cika shafuka da shi ba, da Ibnul Arabi, wanda shi ma Bamalike ne irinmu, bai rubuta littafinsa Al-Awasim a kan wannan ba.

Kuma ka duba halin da Hajiya ke ciki. Ba tambaya take ko ta fara buɗe maganar ba, an riga an buɗe ta a filin makaranta. Ranar da yarinyar nan ta riƙe waya ta ga an yi yaƙin da gaske, ba Nana A'isha kaɗai za ta yi wa kallon tuhuma ba, har uwarta da malaminta. Na ga wannan da idona a kan wani ɗalibina. Bai bar salla ba, amma ya daina tambayar kowa komai, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Maman Humaira:
Malama, abin da ke hana ni barci ke nan. Amma ni kaina ban san labarin ba. Don Allah wani ya ba ni shi yadda yake.

Abu Anas:
Bari in taƙaita gwargwadon iko. A watan Zulhajji shekara ta 35 bayan hijira, 'yan tawaye da suka zo daga Masar da Kufa da Basra suka tsare Sayyidina Usman a gidansa a Madina, suka kashe shi. Aka yi wa Sayyidina Ali mubaya'a garin yana hargitse, waɗanda suka yi ɓarnar suna nan cikin jama'a, kowannensu da ƙabilar da za ta tsaya masa. A lokacin Nana A'isha tana Makka, ta je aikin hajji. Ɗalha da Zubairu suka same ta can. Ra'ayinsu shi ne jinin Usman ba zai tafi a banza ba, a yi ƙisasi. Ra'ayin Ali shi ne sai mulki ya zauna tukuna, don ba a yanke hukunci cikin rikici. Suka nufi Basra, a Iraƙi ta yau, don tara goyon baya. Ali ya fito daga Madina, ya aika ɗansa Hasan da Ammar ɗan Yasir Kufa su kira mutane. Rundunonin suka haɗu a wajen Basra a shekara ta 36, daidai da ƙarshen 656 miladiyya. An yi maganar sulhu, amma aka ƙare da faɗa. Nana A'isha tana cikin darbuka a kan raƙumi, faɗan ya tsananta a kewayensa har sai da aka sare ƙafarsa ya durƙushe, shi ya sa ake cewa Yaƙin Raƙumi.

Zubairu ya janye daga fagen, wani mai suna Ibn Jurmuz ya bi shi ya kashe shi a Wadis Siba'. Da aka kawo wa Ali labari bai yi murna ba, cewa ya yi a yi wa wanda ya kashe ɗan Safiyya, wato Zubairu, albishir da wuta. Ɗalha kibiya ce ta same shi ya rasu. Dukansu biyu suna cikin goman da aka yi wa albishir da aljanna, haka shi ma Ali. Bayan an gama, Ali ya hana bin wanda ya gudu, ya hana ƙarasa mai rauni, ya hana kama kowa bawa. Ya shirya wa Nana A'isha tafiya cikin girmamawa ta koma, tare da ƙanenta Muhammad ɗan Abubakar da matan Basra da suka raka ta.

Hajiya Yalwa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekarata 52 yau na fara jin shi a jere haka. Ashe ƙanenta yana wajen.

Abu Anas:
Yana wajen Hajiya, kuma a ɓangaren Ali ya yi yaƙin. A gidan Ali ya tashi, don bayan rasuwar Sayyidina Abubakar mahaifiyarsa Asma'u 'yar Umais ta auri Ali.

Ɗan Zazzau:
Ni inda nake da magana shi ne yadda muke son mu shafe komai mu ce kowa daidai. A'a. Ali shi ne halifa, shi aka yi wa mubaya'a, kuma malaman Sunna da kansu sun ce shi ya fi kusa da gaskiya. Idan za a gaya wa yaro a gaya masa wannan ma. Ba ga hadisin Ammar nan ba, cewa ƙungiya mai zalunci ce za ta kashe shi?

Malama Ummu Aiman:
Ɗan Zazzau, hadisin ya inganta, amma ka haɗa yaƙi biyu. A Siffin aka kashe Ammar, shekara ta 37, a yaƙi da mutanen Sham. Ba a Jamal ba. Irin wannan cakuɗawar ce ke sa nake cewa iyaye su fara koya kafin su koyar. Amma asalin maganarka na yarda da ita, kuma ba na ɓoye wa ɗalibaina cewa Ali ya fi dacewa da daidai. Tunda ka ambaci Ammar, akwai maganarsa a Buhari da nake ganin ta fi duk wani bayani da za mu yi. Ya hau mumbari a Kufa yana kiran mutane su fito su taimaki Ali, ya ce wallahi ita Nana A'isha matar Annabinku ce duniya da lahira, sai dai Allah ya jarrabe ku ne da ita. Dubi wannan. Mutum yana tara runduna a kan ɓangarenta, amma yana rantsuwa cewa 'yar aljanna ce. Ya ce ta yi kuskure, kuma bai rage mata daraja ba. Idan Ammar ya iya riƙe biyun a zuciya ɗaya, yaro ma zai iya, in an koya masa.

Mai kula da zaure:
Na goge saƙo biyu, ɗaya ya zagi Uwar Muminai, ɗaya ya kafirta wasu mutane da sunan ƙungiyarsu. Duk wanda ya sake zan fitar da shi. Baiwar Allah shawara ta nema a kan 'yarta.

Ummu Zahra:
Na daɗe ina karantawa ina shakkar magana, amma bari in yi. Ni a gidan 'yan Shi'a na tashi, kuma har yanzu a nan nake. Mu tun muna yara ake ba mu wannan labarin, kuma a wajenmu fitar da Nana A'isha ta yi kuskure ne babba, ba zan ɓoye muku ba. Amma mahaifina bai taɓa barin a zage ta a gidanmu ba, yakan ce wanda aka yaƙa ɗin ma bai zage ta ba. Abin da nake roƙon Maman Humaira shi ne yarinyar da ta faɗa wa 'yarki. Ita ma yarinya ce, abin da ta ji a gida ko a waya ta maimaita. Kada garin gyara wannan ki koya wa 'yarki ƙin ta. Benci ɗaya suke zama, gobe ma za su zauna. Mu da muka girma a Zariya mun san abin da ƙiyayya ke haifarwa.

Baban Sadiƙ:
To kun gani. Daga tambaya ɗaya ga mu an fara goge saƙo, mu da muke manya. Wannan ne za ku kai wa yara? Allah ya ce "tilka ummatun ƙad khalat", al'umma ce da ta shuɗe, nata abin da ta aikata, naku abin da kuka aikata.

Maman Humaira:
Ummu Zahra, na gode, kuma na ji. Gaskiya da farko na yi niyyar hana ta kula yarinyar. Na fasa.

Malam Na-Tarihi:
Ina da ƙarin da nake ganin yana da muhimmanci, ko da zai ɗan yi nauyi. Abu Anas ya ce "an yi maganar sulhu amma aka ƙare da faɗa", kuma na ji daɗi da ya tsaya nan. Da yawa daga masu wa'azinmu sukan ƙara cewa an gama sulhu tsaf ta hannun Ƙa'ƙa'u ɗan Amru, sai mutanen Ibn Saba, wanda ake zargi da hura wutar fitinar, suka tashi cikin dare suka kai hari ɓangarorin biyu. Labari ne mai sanyaya zuciya, don yana ɗauke laifin duka ya ɗora wa wasu ɓoyayyu. Amma wannan tsararren labarin a Tarihin Ɗabari ta hanyar Saif ɗan Umar ya zo, kuma malaman hadisi sun raunana Saif. Haka a ɗaya ɓangaren, da yawa daga labaran da ke muzanta sahabbai ta hanyar Abu Mikhnaf suka zo, shi ma an raunana shi. Ɗabari da kansa, wanda ya rasu a shekara ta 310, ya faɗa a gabatarwarsa cewa idan mai karatu ya ga abin da ya ƙi, ya sani daga masu ruwaya ne, shi ya isar ne kamar yadda aka isar masa. Ba adalci ba ne mu yi watsi da mai rauni idan ya ɓata mana rai, mu rungume shi idan ya faranta mana.

Abin da ya sa na damu shi ne yaron da aka gina wa son sahabbai a kan ruwaya mai rauni, ranar da wani ya nuna masa raunin, ginin duka zai girgiza. Gara a gina masa a kan abin da ba ya motsi. Suratul Hujurat aya ta 9 ta ce idan ƙungiyoyi biyu na muminai suka yi yaƙi a sulhunta su. Muminai ta kira su, suna cikin yaƙin. Wannan yaro ya riga ya haddace ta ma, yawancinsu.

Abu Anas:
Malam, ban ƙi ba, amma kada a wuce gona da iri. Cewa masu hannu a kisan Usman suna cikin rundunar, kuma sulhu ba zai yi musu daɗi ba, wannan hankali ma ya yarda da shi. Ibn Kasir ya kawo labarin bai yi watsi da shi ba.

Malam Na-Tarihi:
Na yarda suna ciki, kuma a ce wa yaro akwai masu hura wuta ba laifi. Abin da na ƙi shi ne a ce masa sahabbai ba su saɓa ba sam, wasu ne kawai suka haɗa su. Sun saɓa. Kuma akwai kashi na uku da ake mantawa, su Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Abdullahi ɗan Umar da Muhammad ɗan Maslama da Usama ɗan Zaid, waɗanda suka ƙi ɗaga takobi a kan kowa. Su ma yaro ya san da su.

Kaka Mai Goro:
'Ya'yana ku bari tsoho ya sa baki, jikana ke rubuta min. Mu a Kano mun taso ana ba mu labarin basasa, wadda ta tashi a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, har Yusufu ya fita Takai, daga baya Alu ya shigo gari. Kakan mahaifina yana wannan ɓangare, dangin mahaifiyata suna wancan. Kakata ta ba mu labarin tun ba mu kai goma ba, kuma ba ta taɓa ce mana ku ƙi wane ba. Takan ce harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ba mu tashi muna ƙin kowa ba, sai ma tsoron fitina da ya shige mu.

Baban Sadiƙ:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma sarakuna daban, sahabbai daban. Idan yaro ya raina Tukur ko Alu imaninsa na nan. Idan ya raina wadda ta ruwaito hadisi 2210, wadda Allah ya wanke a Suratun Nur, rabin abin da zai karanta a fiƙihu ya raina.

Kaka Mai Goro:
Gaskiyarka ɗana, ban haɗa darajarsu ba. Yadda ake ba yaro labari mai zafi nake nufi. Muryar mai bayarwa ita ke shiga zuciyar yaro kafin labarin.

Malama Ummu Aiman:
Baban Sadiƙ, tsoronka na gaskiya ne, ni ma ina da shi. Shi ya sa ba na fara wa yaro da Jamal. 'Yan ƙasa da shekara 9 ba na kawo musu shi sam, sai dai in sun tambaya, in ce eh an sami saɓani, za mu karanta in kun girma, kuma ina cika alkawarin. Kafin mu kai can sun san Ɗalha da ya kare Manzon Allah (SAW) da hannunsa a Uhudu har hannun ya shanye, sun san Zubairu hawarin Annabi, sun san Ali a shimfiɗar Annabi daren hijira. Idan son ya kafu, labarin baƙin ciki yake sa su, ba raini ba.

Maman Humaira, ga yadda zan yi in ni ce. Ki fara da kanki, ki ce mata, "Ranar nan na ce miki ƙarya ne, ban sani ba ne, na je na tambaya." Sannan ki ba ta labarin a taƙaice, ba adadin gawa, ba bayanin sara da suka. Ki gaya mata Nana A'isha ta fita ne tana neman a bi jinin Usman da gyara tsakanin mutane, abin ya ƙwace, kuma Ali ya fi ta daidai a wannan. Ki gaya mata ta yi nadama, an ruwaito cewa idan ta karanta "wa ƙarna fi buyutikunna", wato ku zauna a gidajenku, takan yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Ta koma Madina ta ci gaba da karantar da mutane fiye da shekara 20, aka binne ta a Baƙi'a. Ki gaya mata abin da aka ruwaito Ali ya ce wa ɗan Ɗalha, cewa yana fatan shi da mahaifinsa su kasance cikin waɗanda Allah ya ce ya cire ƙullin da ke ƙirazansu, 'yan'uwa a kan gadaje suna fuskantar juna. Sai ku karanta addu'ar Suratul Hashri aya ta 10 tare. Idan ta yi tambayar da ba ki da amsarta, ki ce za ki tambayo, kada ki ƙirƙira.

Baban Sadiƙ:
In dai uwa ce a ɗaki, ga yarinyar da ta riga ta ji, ba zan ja ba. Amma a aji, gaban yara 60, da malamin da shi kansa bai karanta ba, har yanzu ina kan bakana. Ɓarnar za ta fi gyaran yawa.

Malama Ummu Aiman:
A nan kam kusan bakinmu ɗaya. Sai dai maganin malamin da bai karanta ba shi ne ya karanta. "Zauna, ba a tambaya" ba ta hana yaro tambaya, wurin tambayar kawai take sauya masa, ya koma TikTok.

Maman Humaira:
Assalamu alaikum, na dawo. Jiya bayan isha'i muka zauna ni da ita da babanta. Na fara da ba ta haƙuri kamar yadda Malama ta ce. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na zo wajen ƙanenta Muhammad sai ta ce, "Mama, shi da yayarsa?" ta yi shiru. Ta tambaya ko Sayyidina Ali ya yafe mata, babanta ya ba ta labarin rakiyar da aka yi mata. Ta ɗan yi hawaye amma ba irin na ranar Talata ba. Na ce mata kada ta yi faɗa da ƙawarta, ta ce to, wai ma ita ke ara mata abin fiƙe fensir.

Yau da safe ina ɗaura mata hijabi sai ta ce, "To Mama, me Sayyidina Usman ya yi musu suka kashe shi? Kuma ina sauran sahabbai suke?" Na ce zan tambayo. Malama, Malam Na-Tarihi, ga ni kuma.

Malam Na-Tarihi:
Wannan ta fi ta farko tsawo Hajiya, don sai an koma kan gwamnonin Kufa da Masar da wasiƙar da aka ce an kama a hanya. Ki ba ni zuwa bayan la'asar in duba littafi, ba na son in rubuto miki da ka.